Ƙullutai bakwai a jikin Duna

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar watan Agusta, bayan sallar la'asar, kwana uku da yi wa karena Duna allura ta uku ta maganin ciwon daji, na tsuguna a bayan gida ina duba masa kaska kamar yadda na saba yi a lokacin damina. Na gama da kunnuwa da tsakanin yatsu, na kwantar da shi ta gefe domin in duba cikinsa, sai hannuna ya faɗa kan wani ƙullutu mai tauri a matsematsinsa na hagu, girmansa ya kai na ɗan goro. Na janye hannun, na sake mayarwa, ina fatan ko ƙashi ne na taɓa, amma abin yana nan, yana ɗan motsi a ƙarƙashin fata. Daga nan na bi jikinsa gaba ɗaya da tafin hannu a hankali, kafin a kira magariba na ƙirga guda bakwai: wancan na matsematsi, da wani mai laushi a gefen ƙirji, da ƙanana guda biyar masu ja a ciki da cinya, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba.

Duna karen gida ne irin namu, baƙi, shekararsa bakwai, nauyinsa kilo 18 a ranar da aka fara auna shi. Gidana yana bakin gari ta wajen Wusasa, ina da awaki da kaji a bayan gida, kuma tun da na karɓo shi yana kwikwiyo ban ƙara asarar ko akuya ɗaya da dare ba. Ba ya shiga ɗaki, yana da kwanonsa daban, amma duk wanda ya kwana shekara bakwai yana jin haushin dabba ɗaya a bayan katangarsa ya san cewa akwai hakki a tsakaninsu.

Ciwon ya faro ne a ƙarshen watan Yuni, lokacin da muka fara ganin ɗigon jini a inda yake kwanciya. Na ɗauka faɗa ya yi da karnukan unguwa, domin a lokacin yakan fice da dare ta wata kafa a katanga. Wani mutum da ke zagayawa yana yi wa awaki allura ya duba shi daga nesa, ya ce ciwon fitsari ne, ya yi masa allura sau biyu, jinin ya ɗan lafa sannan ya dawo fiye da da. Mako uku na ɓata a haka, kuma laifin nawa ne, domin na san hanyar Samaru, na san akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙyashin wahalar kai kare har can ne kawai ya riƙe ni. Da na kai shi, aka sa masa takunkumi, likitar ta ja fatar gabansa baya, sai ga wani tsiro ja a gindin mazakutarsa kamar nunannen ɓaure da aka tsaga, da an taɓa shi sai jini. Ta dangwali saman tsiron da ɗan gilashi, aka rina, aka duba a madubin ɗakin gwaji, a ranar aka gaya mini sunan cutar: ƙarin da karnuka ke ɗauka wajen barbara, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da TVT.

Wannan ciwon daji yana da wani hali da ya bambanta shi da kusan dukkan sauran, kuma sanin halin nasa ya taimake ni daga baya wajen fahimtar abin da na taɓa a matsematsi. Yawancin ciwon daji daga ƙwayoyin jikin mai shi yake tasowa, amma wannan ƙwayoyin ƙarin ne da kansu suke tashi daga jikin wani kare su dasu a jikin wani, wajen barbara ko lasa ko sunsuna. Tun shekarar 1876 wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Novinsky ya nuna ana iya ɗaukar ƙarin daga wani kare a dasa wa wani ya kama. Ƙwayoyin jikin kare suna da kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, guda 78, na wannan ƙarin kuwa wajen 59 ne, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya nuna cewa asalinsu kare ɗaya ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ba ya kama mutum, wannan ne abin da uwargida ta fara tambaya da na dawo gida, kuma yana cikin ciwon dajin da suka fi jin magani, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na karnukan da aka yi wa magani yadda ya kamata suna warkewa.

Maganin allura ce ta jijiya mai suna binkiristin, sau ɗaya a mako, yawanci mako huɗu zuwa shida. Ana auna ta da nauyin kare, Duna bai kai rabin miligiram yake samu ba a kowane zuwa, amma ɗan wannan ruwan yana da ƙarfin da idan ya zube a wajen jijiya sai ya cinye naman wurin. Saboda haka kowace Litinin sai an aske ɗan gashi a ƙafar gaba, a sa robar jijiya, a fara tura ruwan gishiri a tabbatar tana kan hanya, sannan a tura maganin, a sake bi da ruwa, ɗalibai biyu suna riƙe da shi kada ya motsa. Daga wani fure ake samun maganin, ɗan asalin tsibirin Madagaska, irin mai ruwan hoda ko fari da ake shukawa a harabar gidaje da ofisoshi har a nan Zariya, kuma ina roƙon kada wani ya ji haka ya tsinko ganyensa ya dafa wa dabba ko mutum, domin guba ne. Maganin yana son sanyin firji, ba ya son haske. A mako na biyu sai da na zagaya shagunan magani uku a Sabon Gari kafin in samu, na ƙi saye a wani shago da na ga kwalbar a kan kanta cikin zafi, wanda na saya kuma a cikin kular abinci da ƙanƙara na kai shi Samaru.

Bayan allura ta biyu jinin ya tsaya cak, ranar ta uku kuwa likitar ta ce tsiron ya ragu da fiye da rabi. Na riga na fara lissafin cewa saura biyu ko uku mu gama. Wannan ne ya sa abin da na taɓa ranar Alhamis ya girgiza ni, domin abin da zuciya ta fara raya mini shi ne maganin ya kori ciwon daga wuri ɗaya ya watsa shi ko'ina a jiki, kuma duk wahalar da muka sha ta tafi a banza.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Babban ɗana, wanda shi ke ba shi abinci, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, mutuwa zai yi ke nan?" Na ce masa rai a hannun Allah yake, kuma ba mu san mene ne ba tukuna. Da safe maƙwabcina, dattijo ne da ya yi farauta a ƙuruciyarsa kuma ya san karnuka, ya zo ya duba, ya ce ƙananan marurai ne, ya kawo shawara a tsaga su da aska a matse, babban kuma a ɗora masa ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yi wa dabbobi lalas. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma a kan ƙananan bai yi nisa da gaskiya ba, amma na tuna gargaɗin da aka yi mini tun ranar farko cewa wannan magani yana rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu tsare jiki daga ƙwayoyin cuta, har ƙaramin rauni yana iya zama babbar magana. Na ce masa, "Baba, bari in fara jin ta bakin likita," na shiga ɗaki na buga waya.

Abin da ta fara tambaya ba game da ƙullutan ba ne. Ta tambaya ko ya ci abinci, ko ya yi amai ko zawo, ko yana tashi ya yi tafiya, ko dasashinsa ja ne ko ya yi fari. Na ce ya cinye tuwon da aka ba shi da safe. Ta ce, "To Malam, ka kwantar da hankalinka, ni daga nan ba zan iya gaya maka ko mene ne ba, kai ma da hannunka ba za ka iya ba, ko ni da na taɓa shi sai na sa allura kafin in yi magana. Kada ka matsa, kada ka tsaga, kada ka shafa komai. Ka samu littafi ka rubuta." Ta ce in zana surar kare, in sa alama a inda kowane ƙullutu yake, in auna faɗinsa, in rubuta ko yana da tauri ko laushi, ko yana motsi ko ya manne, ko da zafi, ko yana jin ciwo idan an taɓa, in kuma ɗauki hoto da wani abu a gefensa da zai nuna girma. Ta ce in sayi ma'aunin zafin jiki in riƙa aunawa ta dubura safe da yamma, domin zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yar ɗoriya, idan ya haura 39.5, ko ya ƙi abinci, ko ya kwanta ya kasa tashi, kada in jira Litinin, in kawo shi a kowane lokaci ne.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kwanakin nan uku na ga iyakar wannan magana. Duk lokacin da na kalli ƙullutun matsematsi sai in ga kamar ya ninka, amma tef ɗin ɗinkin uwargida ya nuna santimita 3 ranar Juma'a, santimita 3 ranar Asabar, haka ma Lahadi. Na ƙirji bai motsa daga santimita 2 ba. Ƙananan ne suka sauya, suka kumbura suka yi tsini, Duna ya dame su da lasa, ranar Lahadi da yamma na ga kowanne ya yi ɗan rami a tsakiya yana fitar da ruwa-ruwa. Na haska ɗaya da tocilan, na ga wani abu fari ya motsa a cikin ramin ya koma. Na rubuta wannan ma, hannuna yana rawa, domin ban taɓa jin ciwon daji mai motsi ba.

Kai kare daga Wusasa zuwa Samaru aiki ne mai zaman kansa. Masu keke da yawa da sun ga kare sai su wuce, kuma ba na ganin laifinsu, fasinjoji ne ba za su yarda ba. Akwai wani yaro guda da muka daidaita da shi tun makon farko, nakan ɗauki shatar kekensa, in shimfiɗa buhu a ƙasa, mu bi ta Kwangila da Palladan, ni a baya riƙe da igiya. Ranar Litinin ɗin nan ruwa aka wayi gari da shi, muka isa a jiƙe, littafin yana cikin leda a ƙirjina.

Likitar ta karanta littafin kafin ta taɓa karen, ta miƙa wa ɗalibanta su ma su gani. Da ta dubi ƙananan ba ta ɗauki minti guda ba ta ce tsutsar ƙudan tumbu ce. Aka aske gashin wurin, aka wanke, ta toshe ramin kowanne da man basilin, muka jira kaɗan. Tsutsar ta wannan rami take numfashi, da iska ta yanke mata sai ta fara leƙowa, likitar ta sa yatsu biyu a gindin ƙullutun ta danna a hankali, sai ga ta ta fito sumul, fara, mai kauri, tsawonta ya haura santimita guda. Haka aka fitar da biyar, aka jera su a ƙaramin faranti, aka wanke ramukan da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta nuna mini dalilin da ya sa ta hana ni matsawa: idan tsutsar ta fashe a ciki, ragowarta yakan ruɓe ya tara mugunya, kuma ga kare da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Da ta yi bayanin yadda ƙudan ke yi, na gane ni ne na buɗe masa ƙofa. Macen ƙudan takan saka ƙwai a cikin yashi ko ƙasa mai inuwa da fitsari ko kashi ya taɓa, wani lokaci har a jikin tufafin da aka shanya a ƙasa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta jira jikin dabba ko na mutum ta huda fata ta shige, ta yi kwana takwas zuwa goma sha biyu tana girma kafin ta faɗo ƙasa. Tun da aka gano ciwon aka ce in killace Duna kada ya shafa wa wasu karnuka, ni kuwa sai na ɗaure shi a gindin mangwaro wuri ɗaya har mako uku, a nan yake fitsari, a nan yake kwanciya, ga damina. Killacewar daidai ce, wurin ne ban kula da shi ba.

Saura biyu, kuma su ne ainihin abin da ya kawo mu. Ta fara bin kaluluwar jikinsa ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini wurarensu: ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, hammata, matsematsi, da bayan gwiwar ƙafar baya. Ta ce na hammata da na matsematsi ba a cika jin su da hannu ba sai sun kumbura, kuma ta matsematsi ita ce ke karɓar ruwan jikin da ke fitowa daga gaban kare, don haka kumburinta yana iya zama na yaƙi da ƙwayoyin cuta daga tsiron da ke zubar jini ko daga ramukan tsutsa, yana kuma iya zama ƙarin ne ya isa can. Daga nan ta ɗauko siririyar allura irin ta yau da kullum, ta kama ƙullutun da yatsu, ta soka, ta ɗan juya ta ciki sau uku ko huɗu, ta zare, ta fesa abin da ya shiga allurar a kan gilashi, ta goga wani gilashin a kai ya bazu. Ba a yi masa allurar barci ba, ko ƙara bai yi ba. Da ta yi wa na ƙirji haka, abin da ya fito ya yi ƙyalli kamar man gyaɗa, ya ƙi bushewa a kan gilashin, ta ce wannan alamar ƙullutun kitse ce, wanda ya zama ruwan dare ga karnukan da suka fara manyanta, amma duk da haka sai an duba. Na ce, "Likita, anya bai daɗe a wurin ba ban lura ba?" Ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai, domin mutum ba ya bin jikin karensa da irin wannan natsuwar sai tsoro ya shige shi.

An ɗebi jini kamar kowane mako, kuma a ranar ne karo na farko da sakamakon ya hana allura. Fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa da iyakar da ake yarda a ba da maganin, abin da aka saba gani wajen kwana biyar zuwa bakwai bayan allura, domin maganin ba ya bambanta ƙwayoyin ƙari da na ɓargo masu saurin rarrabuwa. Na so in roƙa a yi masa ko rabi ne, ganin ga sabon ƙullutu kuma ga jinkiri, amma ta nuna mini cewa a tura magani a kan ɓargon da bai farfaɗo ba, ga raunuka biyar a buɗe, ya fi kwana huɗu na jira haɗari. Aka rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, aka ce mu dawo Juma'a da safe.

Kafin Juma'ar na kwashe yashin gindin mangwaro, na mayar da shi rumfar da ke da daɓen siminti, na shimfiɗa masa buhun da ake wankewa a shanya a igiya cikin rana, na kuma sa ana wanke wurin kullum da safar hannu, tun da dama an ce ragowar maganin yana fita a fitsari da kashi na kwana biyu zuwa uku bayan kowace allura, yara da masu juna biyu su nisanci wurin.

Ranar Juma'a ta kira ni cikin ɗakin gwajin ta ce in sa ido a madubin. Gilashin farko, na ƙirji, babu komai sai wasu farare kamar kumfa, kitse ne zalla. Na biyu kuwa cike yake da ƙwayoyi zagayayyu masu launin shuɗi, kowace da ƙananan ɗigo farare a gefenta kamar an huhhuda ta da tsinke, ta ce waɗannan ɗigon su ne shaidar wannan ƙarin, irinsu aka gani ranar farko. Ciwon ya kai kaluluwa. Ta ce ba kasafai yake yaɗuwa ba, ƙalilan ne cikin karnuka, galibi waɗanda jikinsu ya yi rauni ko aka daɗe ba a fara musu magani ba, kuma da ta faɗi haka makonni ukun nan na Yuli suka dawo mini a rai. Na tambaye ta kai tsaye ko maganin ne ya watsa shi. Ta ce a'a, abin da ya fi kama hankali shi ne ƙwayoyin sun riga sun isa can kafin a fara, kuma tun da maganin a jini yake tafiya, yana isa kaluluwar kamar yadda yake isa tsiron. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka duba cikinsa da na'urar sikanin, ba a ga komai a huhu ko hanta ko saifa ba. Jininsa ya farfaɗo, aka yi masa allura ta huɗu.

Tsarin da muka tsayar a ranar mai sauƙi ne. Za a ci gaba da binkiristin, a riƙa auna kaluluwar kowane mako, idan bayan allura biyu ba ta ragu ba sai a koma wani magani mai suna dokzorubisin, wanda ake bayarwa duk mako uku, ya fi tsada, kuma yana iya taɓa zuciya idan ya taru a jiki, don haka ba a gaggawar zuwa gare shi. Ta kuma faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa idan duka biyun suka gaza, ya daina ci, ya shiga wahala, za mu zauna mu yi wata maganar daban. Na ji daɗin da ta faɗe ta tun da wuri, domin na samu lokacin shirya zuciyar yarana.

Kuɗi sun tafi, ban ɓoye ba, har akuya guda na sayar a wannan tsakanin. Wani ɗan'uwana ya ce mini, "Yaya, kare ne fa, ga mutane kwance a asibiti ba su da na magani." Maganarsa tana da nauyi, na kwana ina juya ta, kuma ban ga cewa ɗayan ya soke ɗayan ba. Addini ya halatta riƙon kare domin gadin dabbobi da gona da farauta, malamanmu na Malikiyya ma suna ganin jikinsa mai tsarki ne muddin yana da rai, kuma hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim. Dabbar da na ɗaure a gidana ba ta da wanda zai kai ta asibiti in ba ni ba. Ban da haka, da na sake shi ya koma yawo da wannan ciwon, da karnukan unguwa da na mafarautan ƙauyukan kusa sun samu rabonsu.

Littafin ya ci gaba da aikinsa. Mako guda bayan allura ta huɗu tef ya nuna santimita 2 da rabi, ban yarda ba sai da na auna sau uku. Bayan ta biyar ya koma ɗaya da rabi, kuma ya yi laushi. A mako na shida Duna ya yi amai sau biyu, ya yi kwana biyu yana yunƙurin kashi da ƙyar, wanda aka ce yana cikin halin maganin, aka ba shi abin da ya sassauta masa, muka riƙa dafa masa shinkafa da romon kaza maimakon tuwo. Ramukan tsutsa sun rufe cikin kwana goma, sai ɗan tabo. Allura bakwai aka yi masa gaba ɗaya, ta ƙarshe bayan ido ya daina ganin tsiron, domin an ce ƙwayoyin da suka rage ba a ganinsu su ne ke dawo da ciwo. Aka sake soka kaluluwar, wadda a lokacin ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, aka dangwali inda tsiron yake a da, duka gilasan biyu suka fito babu waɗancan ƙwayoyin masu ɗigo. Na toshe kafar katanga da bulo, kuma an sa ranar da za a fiɗiye shi idan jininsa ya gama komawa daidai, domin ya rage neman fita.

An ce in riƙa kawo shi duk wata na tsawon wani lokaci, in kuma ci gaba da bin jikinsa da hannu kowace Alhamis, daga muƙamuƙi zuwa bayan gwiwa, a jere yadda aka nuna mini. Ƙullutun kitsen yana nan a ƙirjinsa, santimita 2, an ce a bar shi muddin bai girma ba. Makon jiya, da iska ta fara juyawa damina tana ban kwana, na taɓa wani sabo a bayan kunnensa na dama, ƙarami, mai tauri, babu rami a kansa, kuma ba ya jin ciwo idan an danna. Gabana ya faɗi kamar ranar farko. Na aiki yaro ya ɗauko tef da littafin, na rubuta rabin santimita, na sa alama a zanen, na ɗauki hoto, na buga wa likitar waya, ta ce in kawo shi ranar Litinin da safe, kuma na riga na gaya wa mai keken.